Mai Karanta wa Malam Tagogi

Maigidana ya daɗe yana koyarwa a lakwal kafin ya ajiye aiki. Mutanen gari Mushe suke ce mashi, ni kuwa Malam nake cewa tun ranar da aka kawo ni. Da ya bar aji ya kasa zaman banza, sai ya gyara zauren gidanmu, ya sa tebur da benci, ya ɗora ordinata, wato kwamfuta, da injin fitar da takarda. Mai son a rubuta mashi dumandi, takardar neman wani abu, zuwa meri, ofishin magajin gari, mai neman aiki, mai gayyatar ɗaurin aure, duk nan suke zuwa. Ranar kasuwa har makiyaya daga wajen Azagor sukan cika bencin, su jingina sandunansu a bango, suna faɗi yana bugawa. Tsakanin zauren da madafata ƴar katanga ce da ƙofar langa-langa, don haka duk abin da ake yi a kunnena ake yin shi.

Ni na fara gane idanunshi sun soma raguwa. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta sai ya kama iska a gefenta. Ya daina gyara wa yara rubutu, ya ce su girma su gyara da kansu. Lokotoro a Maradi ya ce hawan jinin ido ne, ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙe saura. Malam ya dawo gida bai gaya wa kowa ba sai ni, ni ɗin ma a taƙaice, yana cire takalmi.

Bugun rubutu bai dame shi ba. Tun zamanin tsohon injin tafireta ya koya, yatsunshi sun san mazaunin kowane baƙi, ko ido rufe zai buga maka shafi. Abin da ya hana shi sakat shi ne ƴan tagogin nan da ke faɗowa tsakiyar allo ba sallama, da ƙananan rubutu na Faransanci: a ajiye ko kar a ajiye, takarda ta ƙare, abu kaza ya ƙi buɗuwa. Ba ya ganinsu. Wata rana wani dattijo ya gama zayyana mashi doguwar magana kan iyakar gona, Malam yana ta bugu, ashe tun farko wata taga ta tsaya a gaba, ko baƙi ɗaya bai shiga ba. Dattijon ya leƙa ya ce, "Mushe, ni dai ban yi lakwal ba, amma farar takarda nake gani." Malam ya yi dariya ya ce injin ne ya tsufa. Ina jinsu daga bakin murhu. Ranar bai ci tuwon kirki ba.

A wannan hutun ɗiyarmu ta fari tana gida. A jami'ar Maradi take, tana karatun ordinata. Sai na ɗan faɗi yadda muke da ita, don yaran yanzu ba lalle su gane ba. Ɗiyar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in kuma ina maganarta da wani in ce "yarinyar nan". Da aka yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Kornaka, ba ta dawo hannuna ba sai da za ta shiga kolaji. Ban taɓa yi mata kitso a gaban mutane ba, ban taɓa yabonta ba. Ranar da ta ci jarrabawar bak mata suka cika gidan da guɗa, ni na shige ɗaki ina ninke kayan da na riga na ninke. Haka uwata ta yi mani, haka na ga ana yi, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan rashin so. Ita ma ta sani. In na zuba abinci takan tarar da ƙashin da take so a ƙasan kwanonta, ba ta cewa komi, ni ma haka.

Ita ce ta ga abin da ya faru da dattijon gonar. Ba ta yi wa ubanta maganar ido ba. Washegari ta ce ordinatar tana son shara, a ba ta ita in an tashi aiki. Ta ɗauko ta zuwa tsakar gida, ta zauna kan tabarma kusa da inda nake tsintar wake, tana ta buga wasu layuka masu kama da lissafi. Na daure na daure, na kasa. Na tambayi ƙwaryar da ke gabana, ban dube ta ba, ko mi ake ta rubutawa haka ba ƙarshe.

Ta ce, "Inna, sikirit ne. Ɗan umarni ne nake rubuta wa injin. Kin ga shirin da Baba ke rubutu da shi, ba nawa ba ne, ban da ikon shiga cikinshi. Amma kowace taga da ya fitar tana da suna, kuma cikinta akwai ƴan akwatuna, kowane da lambarshi: wannan na tambaya, wannan na i, wannan na a'a. To nawa yana zaune a gefe yana jira. Taga na fitowa sai ya tambaye ta sunanta, ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana cewa mi aka rubuta cikinki. Su kuwa ba su iya ɓoye mashi."

Na ce wa waken, "Ashe maƙwabciya mai leƙen katanga aka kawo mana."

Ta kwashe da dariya har ta riƙe ciki. "Wannan ba ta kai gulma waje, Inna. Baba kaɗai take gaya wa."

Da farko ta sa muryar injin ce ta karanta abin da aka samo. Wata murya ce ta Bature mai mura. Malam ya saurara sau biyu ya ce a kashe, ko ladan mai tari ya fi ta daɗin ji. Sai ta canza dabara. Ta ce ai tagogin ba su da yawan da za su gagara, za ta ɗauki muryarta da Hausa, kowace taga da maganarta, in sikirit ɗin ya karanto kalmomin ya gane wace ce, sai ya saki muryar da ta dace. A ɗakina ta yi ɗaukar, don ya fi nisa da awaki da turmin maƙwabta. Takan rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa tsakanin gado da akwatunan lefena, ina jin ta tana maimaita abu ɗaya har sai ya yi mata. Ta bi injin da tsokana iri-iri don ta ga tagogin da zai fitar: ta zare takarda, ta cire waya, ta cusa kile, ɗan abin nan da ake kwafar ajiya a ciki, ta fizge. Waɗanda ta kasa tsokanowa ta nemo yadda suke a karatunta, ta yi masu magana tun kafin su zo. Ta ce wasu wataƙila har injin ya mutu ba za su fito ba, amma gara su tarar da ita a shirye.

Da aka mai da ordinatar zaure sai gari ya samu abin magana. Mutum na zaune sai ya ji murya daga tebur: "Baba, takarda ta ƙare. Ba ni na cinye ba." Ko kuma, "Baba, yana tambaya a ajiye? In i ne, danna babban nan na dama." In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, batir ya yi ƙasa sai ta ce, "Baba, yunwa yake ji, a ba shi fura kafin ya suma." A gaban ubanta ba ta taɓa irin wannan wasa ba, ko ido ba ta cika haɗawa da shi. Amma ta cikin injin sai bakinta ya buɗe, irin surutun da ta koyo wajen kakarta.

Wani mai sayar da fata ya ce, "Kai, Mushe! Ordinatar taka har Hausa take ji?"

Malam ya ce, "Irin ta Kornaka ma. In ka yi mata ƙarya a takarda sai ta tona ka."

"To a rage mata murya, ni dumandin bashi na zo."

Ba wanda ya kawo a ranshi cewa don ido aka yi. Gani suke gayu ne na mai ɗiya a jami'a. Malam ya koma cin tuwonshi har da neman ƙari.

Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya kama ta a Maradi, a gidan ƙanwata inda take zaune. An ce mana da sauƙi, sai kuma aka ce mu taho. Muna hanya, motar ta tsaya wani ƙauye ana sauke buhuna, salular Malam ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce innalillahi, ya mai da ita aljihu. Bai dube ni ba, ban tambaye shi ba. Ko da muka isa maza sun dawo daga maƙabarta. Na zauna cikin mata ana yi mani gaisuwa, ina amsawa da haƙuri sai ma'aiki, idona a bushe. Wata tsohuwa ta ce kun ga mai kunya, ko a nan ba ta karya ba. Yabo take yi.

Da aka watse zaman makoki muka dawo gida Dakoro, wata safiya Malam ya buɗe zaure. Ina shara. Wallahi na manta, ko kuma zuciyata ce ta ɓoye mani. Na ji ƙarar kunnawa, sai kuma:

"Ina kwana, Baba. Komi lafiya lau, a yi bisimilla."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na tsaya a duƙe yadda nake, na kasa miƙewa. Daga zauren ba motsi. Can sai na ji Malam ya ce, a hankali, "Lafiya lau." Sannan yatsunshi suka fara aiki.

Ban ce a kashe ba, shi ma bai ce ba. Masu zuwa da suka san ta sukan yi shiru in ta yi magana, wani ya ce Allah ya jiƙanta, Malam ya ce amin ya ci gaba da bugu. Sannu a hankali suka saba. Ni ce ban saba ba. Na mai da turmina da kujerata kusa da ƙofar langa-langa, na ce wai inuwar can ta fi. Na haddace maganganunta kaf, har inda take jan numfashi. A ta takarda akwai kukan akuya can nesa. A ta batir tana danne dariya a kan kalmar fura.

Abin ya dame ni ta wajen addini. Na ji tsoron kar ya zama ina riƙe da wadda Allah ya karɓa, kar ya zama rashin yarda da ƙaddara. Na tambayi malamar da ke koya mana karatu a makarantar matan aure, na ce wata ce ta aiko ni. Ta dube ni, ta san ko wace ce wata ɗin. Ta ce murya ba rai ba ce, kamar rigar mamaci ce da ta rage a ƙusa. Ta ce aikin da mutum ya bari ana amfana da shi ladanshi na isa gare shi, in dai an ji a yi mata addu'a, kar a tsaya a jin kawai. Tun daga nan duk sanda ta yi magana sai in ce Allah ya haskaka kabarinki, a zuci. Wata rana sai in faɗa sau da yawa har in rasa lissafi.

Sai na fara lura da wani abu game da Malam. Mutum ne mai tsari, wanda ko alƙalami ba ya ajiyewa a karkace. Amma in zaure ya yi shiru tsakanin azahar da la'asar, sai in ji yana taɓe-taɓe. Na leƙa ta ramin ƙofa. Na gan shi yana lalubar bayan injin, ya zare waya, ya zauna yana jira. Ta ce, "Baba, injin takarda ya ɓata, duba wayarshi." Ya mai da. Ya cusa kile ya fizge tun bai gama ba. Ya danna maɓallai uku-uku barkatai. Ya buɗe abubuwan da bai taɓa buɗewa ba, yana rufewa. Na ɗauka ko ruɗewa ce ta tsufa ta fara, har gabana ya faɗi. Ran nan sai wata taga ta fito, na ji abin da ban taɓa ji ba:

"To fa! Baba, ina ka shiga haka? Nan ba wurinka ba ne. Danna na sama can hagu mu koma gida."

Malam ya yi wata ƴar dariya, ya sa hannun riga ya goge fuska. A nan na gane. Neman sauran yake yi. Ya san akwai maganganun da ta ajiye wa tagogin da ba su taɓa zuwa ba, yana bin su ɗaya-ɗaya kamar mai kalar gyaɗa bayan an gama cira. Na koma kujerata. Ban hana shi ba. Gaskiya ma, in na ji ya fara lalube sai in ajiye abin da nake yi. Wani lokaci a yi wata guda ba a samu sabuwa ba. In an samu kuwa, ranar da yamma sai ya ce miyar ta yi daɗi, ni kuma in ce gishirin ne ya zo daidai. Iyakar abin da muke cewa ke nan.

Ordinatar ba sabuwa ba ce tun asali, ga zafin bazara, ga wannan wahala da ake ba ta. Ta fara jinkirin tashi. Ta fara wata ƙara a ciki, ƙas-ƙas, kamar ƙwaro a cikin azara. Wata rana da hantsi, ba kowa a benci, na kai mashi kunu ke nan zan juya, sai taga ta fito da kanta ba wanda ya taɓa komai. Muryar ta zo ba wasa a cikinta:

"Baba, wannan babba ce. Faifan da ke cikin injin zai lalace, komi na iya ɓacewa. Kar ka taɓa komi, a kira ni."

Ba ta yanke ɗaukar daidai ba. Bayan maganar akwai ɗan shiru, sai ƙarar murfin tukunya, sai wata murya daga nesa tana cewa, "Ke! Zo ki sauke mani wannan." Muryata ce. Sai ita kuma, kusa, da ƙarfi: "Na'am, Inna! Ga ni nan zuwa."

Ban san lokacin da na zauna a bencin baƙi ba. Ban taɓa zama a kai ba. Malam ya juyo da fuskarshi wajen da yake jin numfashina.

Ni na fara magana. Na ce, "Malam, ka ji abin da aka ce. Komi na iya ɓacewa."

Ya ce, "Na ji."

Akwai wata ƙawarta da suka yi karatu tare, wadda ta zo mana gaisuwa har gida, ta bar lambarta ta ce in ana son wani abu. Na ce a kira ta ta zo ta kwashe muryoyin ta sa a wani wuri. Malam ya ce a bari tukuna. Bayan kwanaki na sake tayarwa, ya ce aiki ya yi yawa. Tagar nan kuwa ta riƙa dawowa, kusan kullum, kullum sai ta ce a kira ta, kullum sai in kira ta daga madafa ta amsa mani. Na rasa ko so nake ta daina ko so nake ta ci gaba. Ƙas-ƙas ɗin yana ƙaruwa. Wata safiya injin ya ƙi tashi sam sai a karo na uku.

Ranar na same shi bayan la'asar yana zaune kan buzu. Na durƙusa gefe na ce, "Malam, don Allah mi ya sa?"

Ya ja casbi ya ja, sannan ya ce, "In ƙawar nan ta zo za ta buɗe muryoyin duka. Za a ga iyakarsu. Yanzu ban san ko nawa suka rage ba. Kullum in na zauna, ina cewa wataƙila yau akwai wata."

Na ce, "In ya mutu fa da su a ciki?"

Ya ci gaba da jan casbinshi.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ta. Na ce, "Ɗiyata ce, Malam. Ban taɓa neman komi nata ba. Da ranta ban nema ba, da ta rasu ko ɗankwalinta ban ɗauka ba, ƙannenta na bar wa. Wannan amsawar da ta yi mani nake so. Ita kaɗai. Kar ka bari ta tafi." Kukan da ban yi a Maradi ba ya zo mani a nan, gaban mijina, da rana tsaka, ƙofar gida a buɗe.

Ya miƙo mani salularshi ya ce in nemo lambar, shi ba ya gani. Wannan ne karo na farko da ya faɗi kalmar da bakinshi haka a fili.

Ƙawar ta zo a motar safe ranar hutunta. Yarinya ce mai natsuwa, tana ce mani Inna kamar yadda waccan ke cewa. Ta saurari ƙarar injin ta girgiza kai, ta ce mun yi sa'a ya kai yau. Ta buɗe sikirit ɗin tana karantawa, tana murmushi, ta ce haka yarinyar nan take rubutu, komi a jere kamar kwanukan amarya. Ta nuna mani layukan, na ga sunayen tagogi da Faransanci, na gane wasu da ɗan karatun kolajina, kowane da lamba a gabanshi. Ta sa kile ta fara kwafa. Injin yana yi yana tsayawa, yana yi yana tsayawa. Wasu suka wuce, wasu suka ƙi, ta ce wurin da suke zaune a faifan ya riga ya ruɓe. Kafin ta sake gwada waɗanda suka ƙi, allon ya yi baƙi. Ta yi duk dabararta, bai sake tashi ba.

Ta ce, "Baba, a kunna waɗanda aka samu, ko a bari?"

Na ɗauka zai ce a bari. Ya ce, "Kunna. A shimfiɗa tabarma."

Muka zauna tsakar gida mu uku, ta sa a salularta, suna bin juna. Waɗanda muka sani suka wuce, da kukan akuyar da dariyar fura. Sai baƙi, waɗanda Malam bai kai gare su ba. Wata ta ce agogon injin ya rikice, yana ganin kamar shekarar da aka haifi kaka ce. Wata ta ce, "Baba, wannan ni ma ban san ta ba, ka yi addu'a ka danna i." Malam ya yi dariya har da tari. Ba su da yawa. Tun shayin da na ɗora wa baƙuwa bai gama dahuwa ba suka ƙare. Ƙawar ta ce shi ke nan. Malam ya ce, "Shi ke nan?" Ta ce shi ke nan, Baba.

Tawa tana ciki, amma rabi. Ta faɗi maganar faifai, ta ce a kira ta, an ji murfin tukunya, an ji ni ina cewa ke, zo ki sauke mani wannan. Daga nan sai ƙara kamar ana yaga tsumma. Amsar ba ta tsira ba. Ƙawar ta sake kunnawa ko za ta fito, na ce ta bari, ya isa. Na tashi na je na sauke shayin.

Daga baya ƙanen Malam ya samo mashi wata ordinata ta hannu. Ƙawar ta gwada sikirit ɗin a kanta, ya zauna shiru. Ta ce shirin rubutun sabo ne, tagoginshi sun canza suna, akwatunan sun canza lamba, yana tambaya ba mai amsa mashi. Ta ce za ta iya zama ta gyara, ta haɗa tsofaffin muryoyin da sababbin tagogi. Malam ya yi tunani ya ce a'a. Ya ce waɗancan ita ta gan su da idonta ta yi masu magana, ba zai sa ta faɗi abin da ba ta gani ba. Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, na cika mata leda da cuku da yajin daddawa ta koma.

Ranar kasuwar da ta biyo, benci ya cika. Mai fatar nan ya ce, "Mushe, yau ba a gaishe mu ba. Ina mai Hausar?"

Malam ya ce, "Ta tafi. Ni kuma idanuna sun tafi tun kafin ita, ita ce ke rufa mani asiri. Wanda zai iya haƙuri da makaho ya zauna, uwar gida za ta duba mana allo."

Ba wanda ya tashi. Mai fatar ya ce ai da ma shi bai taɓa yarda da rubutun masu ido ba. Aka yi dariya kaɗan.

Yanzu ni ke zama a kujera gefenshi da hijabina da tabarau, bayan na gama aikin safe. Faransancin da na yi jarrabawar brebe da shi ya yi tsatsa, amma yana kai mu. In ce takarda ta ƙare, in ce yana tambaya a ajiye. Ba na sa wasa, ban iya ba. Muryoyin suna cikin salulata, nakan yi wata ban kunna ba, rabin nan kuwa ban sake buɗe ta ba.

Wani lokaci wata taga takan faɗo wadda ban taɓa gani ba, da ƴar ƙararta. Sai yatsun Malam su tsaya a sama. Mu yi shiru mu biyu muna fuskantar tebur, mai takarda yana dubanmu bai san abin da ake jira ba. Sannan Malam ya sauke hannu ya ce, "Karanta mana." In matsa kusa in fara haɗa baƙaƙen.